Zanen Bangon Shago da Shaidar Masana

Ranar 19 ga Nuwamba, 2013, aka wayi gari an shafe bangon wani tsohon ginin masana'anta da farin fenti a unguwar Long Island City da ke birnin New York na Amurka. Ginin, wanda aka sani da 5Pointz, ya shafe shekaru yana ɗauke da zane-zanen fentin feshi da mai shi ya ba da izinin yi. Da ya tashi gina gidajen haya a wurin, sai ya sa aka shafe su cikin dare. Masu zane 21 suka kai ƙara. A watan Fabrairu na 2018 alƙali Frederic Block ya yanke musu diyyar dala miliyan 6.75 a kan zane 45, bisa wata dokar 1990 mai kare ayyukan fasahar da suka samu karɓuwa.

Abin lura shi ne ma'aunin da kotun ta ɗauka. Kyawun zane kaɗai bai wadatar ba. Sai da aka kawo shaidar cewa masana da jama'a sun san ayyukan, sun kuma ba su daraja. Ke nan zanen da aka yi rubutu a kansa, aka adana hotonsa, yana da mai tsaya masa. Wanda ba a kula da shi ba kuwa, goga ɗaya ta ishe shi.

A nan ne batun ya shafi masu nazarin Hausa. Adon bangon gidajen Zariya da Kano ya samu masu bincike, har Friedrich Schwerdtfeger ya yi littafi sukutum a kan na Zariya, don haka babu mai musun kiransa fasaha. Amma zanen da ke ƙofar shagon aski, da na tela, da na mai sayar da kayan gyaran babur, har yau ana yi masa kallon talla kawai. Wannan rabe-raben bai da ƙarfi. Adon gidan attajiri ma shela ce ta wadatarsa, kuma magina sun sha cusa keke da mota da agogo a tsakanin dagi da sauran siffofin gargajiya. Idan sanar da matsayi bai hana wancan zama fasaha ba, sanar da sana'a ba zai hana wannan ba.

Masu adawa suna da hujjoji da ya kamata a saurara. Bango dukiyar mai shi ne, kuma wanda ya lallaɓo da dare ya rubuta sunan ɗan takara ko na ƙungiyar ƙwallo a katangar makaranta ya shiga haƙƙin da ba nasa ba. Akwai kuma malaman addini da ke ƙyamar surar mai rai. Sai dai izini tambaya ce ta haƙƙi, halasci tambaya ce ta fiƙihu, gwaninta kuwa tambaya ce ta nazari. Cakuɗa su ukun ne ke sa a yi wa duk abin da ke bango kuɗin goro. Ko rubutun da aka yi ba da izini ba yana ɗauke da karin harshe, da habaici, da salon rubutun Boko da na Ajami, waɗanda masanin harshe ba zai so su salwanta ba.

Lokaci kuwa ba ya jira. Allunan roba da inji ke bugawa suna maye gurbin aikin hannu, faɗaɗa tituna yana cin shaguna, rana da damina suna cin sauran. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Danfodiyo sun daɗe suna tura ɗalibai tattara waƙoƙin baka da karin magana. Ya dace su tura su da kyamara zuwa Kasuwar Kurmi da Sabon Gari, su ɗauki hoton zanen, su rubuta sunan mai zanen da na wanda ya koya masa, tun yana raye ana iya tambayarsa.