Sharhi: A Ware Kafin A Narka



Duk wanda ya taɓa ratsa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako a Yamai, ya san cewa a wajenmu ƙarfe ba ya mutuwa. Ƙofar motar da ta yi hatsari ta koma murhu, fistan ɗin injin da ya buga ya koma ludayi, gwangwanin lemo ya taru ya zama tukunyar biki. Wannan sana'a abin alfahari ce, kuma tana rage wa duniya ɓarna mai yawa, domin narkar da tsohon alminiyam na cin kusan kashi 5 ne kacal cikin 100 na wutar da ake ƙonewa wajen haƙo sabo a tace shi. Saboda haka maganata ta yau ba ta neman a rufe maƙerar kowa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ake zubawa cikin wutar, da kuma mutumin da ke kawo shi a cakuɗe.

Ina nufin dillalin gwangwan wanda bai san komai ba sai sikeli. Ya saya da kilo, ya sayar da kilo. Buhu ya zo masa daga masu bin bola, a ciki akwai alminiyam, akwai ɓallin lagireto da aka liƙe da dalma, akwai kan batir, akwai 'yan dunƙulen dalmar nan da ake maƙala wa ƙafar mota don daidaita taya, akwai ƙarfe mai tsohon fenti. Ba ya warewa. To, don me zai ware? Dalma ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau 4. Duk ɓallin da ya cire ya rage masa kilo, duk wanda ya bari ya ƙara masa kuɗi. Sai ya ɗaure bakin buhu ya miƙa wa mai ƙira, mai ƙira kuma ya juye cikin wuta da bisimillarsa, bai san abin da ya saya ba.

Alminiyam na narkewa ne a zafin da ya kai digiri 660. Dalma kuwa tun a digiri 327 ta zama ruwa. Ke nan kafin alminiyam ya motsa, ita ta riga ta narke. Wani kaso ya bi hayaƙi ya shiga ƙirjin mai zuga wuta da na maƙwabta. Wani kaso ya zauna cikin toka da kashin ƙarfen da ake kwashewa a watsar a bayan gida, inda kaji ke tono, yara ke wasa, ruwan damina kuma ya ja shi zuwa kwata, daga kwata zuwa lambu. Sauran ya shige jikin tukunyar kanta. A shekarar 2014 masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane da ake ƙerawa da tsofaffin ƙarafa a Kamaru, suka tarar dalma na tsatsowa daga jikinsu idan aka yi girki. Abu mai tsami kuma ya fi jawo ta, mu kuwa miyarmu tumatir, kununmu tsamiya.

Duk wannan daga ina? Daga buhun da ba a ware ba. A ware kafin a narka, jama'a. Uwargida ba ta zuba wake a tukunya sai ta zauna ta tsince tsakuwa, don ta san idan ya dahu ba sauran tsinta. Haka ƙarfe yake. Da zarar ya narke, mai ƙira ba shi da wata dabarar da zai raba dalma da tukunya.

Babu wanda zai koya wa mutanen Arewa illar dalma. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. A 2015 ta sake kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wani zai ce ai wannan na masu haƙar zinare ne. To, ga na masu batir. A wata unguwa ta Thiaroye-sur-Mer, gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, saboda ana fasa tsofaffin batira ana tara dalma a tsakiyar gidaje. Batirin mota fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Yau da muka koma ga wutar sola, tsofaffin batira sai ƙaruwa suke yi, kuma har yanzu a wurare da dama yadda ake buɗe su shi ne a sa gatari a sara, a tsiyayar da ruwan batir a ƙasa, a zare dalma da hannu. Dillalin nan mai sikeli shi ne dai ke tsaye yana jiran a auna masa.

Su waye ke saran? Su waye ke zuga wutar? Nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Yara ne. Yaro ɗan shekara goma, buhu a kafaɗa, maganaɗisu ɗaure da igiya, tun asuba yana bin bola. Da rana ya zauna ƙona waya don ya fitar da jan ƙarfe, baƙin hayaƙin roba na shiga masa hanci. Da ya gama, da wannan hannun zai sayi garau-garau ya ci, ba ruwa ba sabulu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ta maimaita cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro na zuƙe ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke zuƙa idan sun haɗiyi abu ɗaya. Ƙwaƙwalwa take taɓawa, abin da ta ɓata kuma ba ya gyaruwa. Sai a kai yaro makaranta ya kasa riƙe karatu, malam ya ce daƙiƙi ne, uba ya ce taurin kai ne, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Wallahi wannan zalunci ne biyu a kan yaro ɗaya. Iyaye, idan har dole ce ta sa ɗanku neman na kansa, sana'o'i suna da yawa. Ku nisanta shi da batir, ku nisanta shi da wutar narka. Mai gidan sana'a kuma, Malam, ka ji tsoron Allah, yaron da aka ba ka amana ne.

Masu walda ma ban manta da ku ba. Tun 2017 masana cutar daji na duniya suka sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ta. Ku yi aiki inda iska ke ratsawa, ku auna sau biyu kafin ku yanka don guntaye su ragu, guntayen kuma a tara kowane iri a durom ɗinsa.

Mu koma ga buhun. Warewa ba ta buƙatar injin daga Turai. Maganaɗisu zai ja baƙin ƙarfe gefe. Dalma kuwa ba ta ɓoyuwa ga wanda ya san ta: ga nauyi, ga taushi, farce ma yana kartar ta. Abin da aka rasa shi ne wanda zai tsaya ya ce ba zan sayi cakuɗe ba. Wannan aikin ƙungiyoyin maƙera ne da sarakunan sana'a da shugabannin kasuwa. Ku zauna ku yanke farashi biyu, na warewa da na cakuɗe, ku sa na cakuɗe ya faɗi ƙasa. Ranar da dillali ya ga cakuɗe na jawo masa asara, da hannunsa zai tsince. Ku ma ribarku ce, don ƙarfe mai tsabta ba ya yawan kashi, ba ya cin gawayi a banza, tukunyarsa ba ta fitowa da ƙofofi a sake mayar da ita wuta. Tokar da kashin da suka rage a zuba su a durom mai murfi, kada a sake watsa su a lungu. Kayan aiki a bar su a wurin aiki, a wanke hannu da fuska kafin a shiga gida a ɗauki jariri.

Ga hukumomi kuma, ina roƙo kada maganar nan ta zama hujjar rusau. A 2021 an rushe babbar kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a birnin Accra, masu sana'ar suka watsu, wasu suka ci gaba da aikin a cikin unguwanni, kusa da ɗakunan kwana. Korar mai sana'a ba ta kashe hayaƙi, wuri kawai take sauya masa. A ba su fili nesa da gidaje, mai daɓen siminti da famfo. A keɓe wurin karɓar tsofaffin batira, a hana sara su da gatari. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙarfe ta nuna abin da ke cikinsa nan take. A samar da ko da guda ɗaya ce a kowace babbar kasuwa, a riƙa gwada tukwane kafin su isa hannun mata.

Uwargida, kafin a kai ga haka, kada ki bar miya ko kunun tsamiya su kwana a cikin tukunyar ƙira. Ki juye a wani mazubin da zarar kin sauke.

Kai kuma Alhaji mai sikeli, kai nake wa magana tun ɗazu. Tukunyar da aka ƙera da buhunka ba ta da suna a jiki, wataƙila a gidanka za a girka ta. Don Allah, don Annabi, ka ware kafin a narka.