Karen Amana

Bayan girbi maƙwabcina ya tafi cin rani Ibadan, ya bar mini karensa amana. A Shagari ba don ƙawa muke kiwon kare ba. Shi ke gadin garke a wannan zamani na satar shanu. Ga kuma nawa, Duna, shekara 5 yana mulkin ƙofar gida shi kaɗai.

Na yi wauta, na zuba musu tuwo a kasko ɗaya. Kafin in juya, kunnen baƙo ya yage. Allah ya sa an yi wa kowanne allurar rigakafin haukan kare.

Wani tsohon mafarauci ya yi mini dariya: "Malam, ai a daji ake haɗa su, inda babu mai gida." Sai na sa yara suna jan su da igiya zuwa fadama kowace safiya, nesa da juna, kullum ana rage tazara. Kasko biyu, turke biyu, Duna ake fara zuba wa, don girmansa ne.

Bayan mako biyu na ji haushinsu tare a bayan garke. Kunnen ya warke da tabo, ni kuwa ina ta shirya abin da zan faɗa wa mai shi.