Filin Mata: In Ƙafa Ɗaya Ta Kumbura

Yau zancenmu a kan mai jego ne.

Mun saba ganin ƙafafun mai ciki sun kumbura. Amma in ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura, sharaɓa ta ɗau zafi tana ciwo, to, mai yiwuwa jini ne ya daskare cikin jijiya. Ciki yakan sa jini saurin daskarewa. Haɗarin kuwa ya fi yawa cikin mako 6 bayan haihuwa, wato kusan kwana 40 ɗin nan namu, balle ga wadda aka yi wa tiyata.

Kada a yi tausa, ko da Goggo ta matsa! A kai ta asibiti ran nan, akwai allurar tsinka jini. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. In numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya soke, kada a jira gari ya waye.

Ke kuma mai jego, kada ki wuni kwance. Tashi ki zaga tsakar gida, ki sha ruwa sosai. 'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan.