Shago Da 'Yan Damben Yau: Ƙiyasin Da Babu Mizaninsa

Babu wata muhawara da ta fi daɗewa a bakin masoya dambe, tun daga majalisun Furfuri da Bunguɗu har zuwa tashoshin motar Gusau da Tsafe, kamar wadda ake yi a kan cewa, da Allah zai haɗa Shago da ɗan damben yau irin Ebola ko Ali Ƙanin Bello a fage guda, kowa ya ɗaura zarensa, kalangu na tashi, wane ne zai kai ɗan'uwansa ƙasa. Dattawa kan yanke hukunci tun kafin mai tambaya ya rufe baki, su ce yaran yanzu ba su isa su riƙe wa Shago ruwan kurkure baki ba. Samari kuwa sai su zaro waya, su nuna kisan da gwaninsu ya yi a gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei, su ce a kawo musu na Shago su gani.

Ni abin da nake gani shi ne, ɓangarorin biyu suna gina hukunci a kan abin da malaman usulu ke kira ƙiyasi tare da bambanci, wanda kuwa ba ya zama hujja. Damben da Shago da Ɗandunawa suka yi dambe ne na kaka, lokacin da aka kawar da amfanin gona, mahauta su bi gari gari da makaɗansu, mutum ya yi wata da watanni yana noma ko fawa kafin ya sa zare. Alhali kuwa ɗan damben yau sana'arsa ke nan, kusan kullum da yamma yana cikin fage inda ake biyan kuɗin shiga, yana wakiltar Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, ana sa masa babur ko mota, har ma wasu masu shirya gasa sun fara ɗora 'yan wasa a kan sikeli kafin a haɗa su. To, a fagen wa za a yi wannan karawa, kuma da ƙa'idar wane zamani?

Turawa sun riga mu shiga wannan jayayya, suka kuma kashe mata dukiya. A 1969, lokacin da aka hana Muhammad Ali dambe saboda ya ƙi shiga sojan Amurka, aka haɗa shi da Rocky Marciano, wanda ya yi ritaya da nasara 49 ba a taɓa cinsa ba, suka yi ta kai wa juna naushin wasa a gaban kyamara, aka ce kwamfuta ce za ta faɗi wanda ya yi galaba. Marciano ya rasu a haɗarin jirgin sama a watan Agusta na shekarar, bai ga fim ɗin ba. Da aka nuna shi a Amurka a Janairun 1970, Marciano ne ya kayar da Ali a turmi na 13, amma an riga an ɗauki wani ƙarshen dabam inda Ali ne ya ci. Na'urar ba ta kashe gardamar ba, domin ba a zuba mata komai ba face alƙaluma da zaton mutane. Masu kafa hujja da girman jiki su kan ce Marciano, da nauyinsa na kimanin kilo 85, ba zai tsaya gaban Tyson Fury mai fiye da kilo 115 ba. Sai ga Oleksandr Usyk, wanda Fury ya fi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba, ya cinye shi a Riyad a watan Mayun 2024.

Sai dai matsalarmu ta fi tasu zurfi, kuma nan ne abin ya fi damuna. Su suna da fina-finan Joe Louis da Marciano da Ali, ana iya ƙirga naushi ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa mafi yawan abin da ya iso mana na Shago ta bakin Ɗan Anace ya iso, shi kuma makaɗi, duk da fasaharsa wadda babu mai musunta, ba alƙali ba ne, ba kuma marubucin tarihi ba. Aikinsa ya zuga gwaninsa har tsikar jikin mai saurare ta tashi, ya ambaci ranar galaba, ya taƙaita ranar da aka sha ƙasa. Ɗan damben yau kuwa ba shi da wannan sutura: duk faɗuwar da ya yi tana cikin wayar kowa, ana maimaita ta a Facebook. Wanda ya ɗora waƙa a hannu guda, bidiyo a ɗayan, ya ce zai yi tarjihi, lalle ya zalunci rayayye, bal ma ya zalunci mamacin, tunda ya mai da shi almara bayan kuwa mutum ne da ya zubar da gumi da jini.

Magabata sun san maganin irin wannan. Ibnu Sallam al-Jumahi, da ya tashi tantance manyan mawaƙan Larabawa, sai ya kasa su ɗabaƙa ɗabaƙa, ya ware na Jahiliyya daga na zamanin Musulunci, ya auna kowa da tsararsa. Haka ya kamata a auna Shago da Ɗandunawa da sauran waɗanda suka sa zare da shi, a auna Ebola da Ali Ƙanin Bello da Garkuwan Cindo da junansu.

Amma wannan ma ba zai tabbata ba sai da riwaya mai isnadi, kuma masu riƙe da ita suna ƙarewa. Har yanzu a ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe akwai tsofaffin mahauta da makaɗan kalangu waɗanda suka tsaya a bakin fage a wancan zamani, kuma daga Furfuri zuwa Jami'ar Tarayya ta Gusau ba wata tafiya ba ce. Ɗaliban Hausa su ɗauki na'urar naɗar murya su je wurinsu tun suna raye, su tambaye su dalla-dalla: a wane gari aka yi, a wace kaka, turmi nawa aka kai, da wane hannu aka yi kisan, wa ya gani da idonsa, wa kuma ya ji daga bakin wani.