Kada a Kai Akori-Kura Awon Kilo

Duk wata akori-kura ƙirar Fijo 404 da ta rage a kango, 'yan gwangwan sun sa mata ido. A wajensu ƙarfe ce kawai, a yanka, a ɗora a sikeli. Ni kuwa ina ganin mai ita ya gyara abarsa, in ba zai iya ba ya sayar wa mai iyawa.

A 1960 aka fara ƙera 404 a Faransa. Masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta haɗa ta, Kenya kuma ba ta daina ba sai 1991. Akori-kurar ce ta yi jigilar gero da awaki da kayan ɗakin amare a hanyoyin da ko burji babu. Yanzu sai ka wuni a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna kana cigiyar fitilarta ta baya, a ce ka dawo jibi.

Inda nake rigima da mutanenmu shi ne salon gyaran. Wani zai cire injinta ya cusa na Toyota, ya dawo da giyar ƙasa, ya lafta fenti mai ƙyalli, ya ce ya raya ta. Bai raya komai ba. Daɗin 404 yana giyar nan ta jikin sitiyari, wadda direba ke sauyawa da 'yan yatsu, mutum uku na zaune a gaba. Injinta ba shi da kwamfuta. Bakanike da kunne yake saita kafireto. Tsatsa ce babbar abokiyar gaba, musamman ƙasan ƙofofi da inda ake ajiye ƙafa. Wurin da ta ci sai an yanke, an sa sabon ƙarfe, an yi walda. Wanda ya shafe ramin ya bi da fenti, damina biyu za ta tona masa asiri.

Za a ce kuɗin gyaran ya fi kuɗin motar. Gaskiya ne, kuma ba na ba mai neman abincin yara shawarar ya shiga. Da masu hali nake, waɗanda ke sauya jif duk shekara. Su hanzarta, domin tsofaffin kanikawan Fijo suna ƙarewa, yaran garejinsu kuma suna ta komawa gyaran Keke Napep.