Dajin Kogo Ba Na 'Yan Bindiga Kaɗai Ba Ne

Malam marubuci, na karanta rubutunka inda ka ce finafinan namun daji da binciken kimiyya shagalin masu ƙoshi ne, wai mutumin 'Yargoje da aka yi kisan gilla a ƙauyensa a watan Yunin 2024 ba ruwansa da kallon tsuntsaye. Zafin zuciyarka na gane shi. Hukuncinka ne ban yarda da shi ba.

Wa ke ɗaukar hoton dazukanmu yau? Ɗan bindiga, da wayarsa, yana baje kuɗin fansa a TikTok. Shi kaɗai ke ba duniya labarin dajin, kai kuma kana cewa a bar masa kyamarar.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanya Dajin Kogo na yankin Faskari cikin sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10. Tambayi ɗalibin Sabuwa ko ya taɓa jin wannan. Zakin Serengeti kuwa ya san shi sarai, albarkacin David Attenborough da National Geographic. Farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masu binciken jami'o'i suka daɗe suna gwaji a kanta, yaran garin ba su taɓa ganin an nuna musu amfaninta a allo ba.

Na san ba a shiga Kogo da kyamara yanzu, babu mai hankalin da zai tura ɗan kowa. Amma tsofaffin maharba da makiyayan da suka san mashayar barewa da sunan kowace bishiya suna nan zaune a garuruwan da suka yi gudun hijira zuwa cikinsu, kuma ba su da wuyar samu. Da su za a fara.