Niki Lauda da ranar da ya ajiye mota

Idan aka ambaci Niki Lauda, direban tseren motoci ɗan ƙasar Ostiriya da ya rasu a 2019, abin da ake fara tunawa shi ne wutar da ta ci fuskarsa. Ranar 1 ga Agusta 1976, a filin Nürburgring na Jamus, motarsa ta Ferrari ta kauce, ta bugi shinge, ta kama da wuta. Direbobi huɗu ne suka tsaya suka zaro shi. Ya rasa mafi yawan kunnensa na dama, hayaƙi mai guba ya illata huhunsa, har limamin coci ya yi masa addu'ar bankwana a asibiti. Bayan kwana 42 ya koma tsere a Monza ta Italiya, ya zo na huɗu. Wannan ake yi masa kirari da shi, kuma ya cancanta.

Sai dai abin da ya fi nuna halinsa ya faru ne ranar 24 ga Oktoba ta wannan shekarar, a filin Fuji na Japan, a tseren ƙarshe na gasar Formula One. Lauda yana gaban James Hunt na Ingila da maki uku. Ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, hanya ta zama tafki, fatar idonsa kuma ba ta warke ba. Bayan zagaye biyu ya shigo da motar, ya sauka. Injiniyan Ferrari ya ba shi mafita: a ce wa 'yan jarida na'ura ce ta samu matsala. Ya ƙi, ya ce a faɗi gaskiya, shi ne ya ga haɗarin ya yi yawa. Hunt ya zo na uku, ya ɗauke kambun duniya da ratar maki ɗaya, jaridun Italiya kuma suka yi wa Lauda caa.

Masu sukarsa suna da hujja: an biya shi don ya yi tsere, wasu kuma sun kammala a cikin ruwan nan lafiya. Amma sun manta cewa kafin tseren Nürburgring, Lauda ne ya nemi direbobi su ƙaurace wa filin, domin hanya mai tsawon sama da kilomita 22 ta fi ƙarfin ma'aikatan ceton da aka tanada. Aka kaɗa ƙuri'a, aka rinjaye shi, ya bi ra'ayin jama'a, wuta ta ci shi. Tun daga ranar Formula One ba ta sake tsere a wannan tsohuwar hanya ba. Mutumin da ya taɓa sayar da hukuncin kansa da wannan tsada ba za a zarge shi don ya ƙi sake sayarwa ba.

Kuma duk wanda ya taɓa rubuta wa maigida takardar bayani ya san daɗin uzurin "matsalar na'ura": ba ya ɓata wa kowa suna. Lauda ya zaɓi a zage shi a kan gaskiya. Ya sake cin kambun a 1977, ya bar Ferrari, sannan ya ci na uku a 1984 da McLaren, inda ya doke Alain Prost da rabin maki.

A Mayun 1991 jirgin kamfaninsa na Lauda Air, samfurin Boeing 767, ya faɗi a Tailan, mutum 223 suka mutu. Na'urar da ke juya ƙarfin inji don rage gudu bayan sauka ce ta buɗe a sararin sama. Lauda ya je wurin da jirgin ya faɗi da kansa, ya matsa wa Boeing lamba, har kamfanin ya fito fili ya amince cewa matuƙan ba su da yadda za su yi su ceci jirgin a wannan yanayi.